Jar Mota da Addu'ar Hajiya Zuera

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shan ataya, wato shayi, na bakin kwata a unguwar Maamobi ta Accra ya san Razak, ko da bai yi niyyar saninsa ba. Mutum ne da aka ba shi baki tun da wuri, sauran abubuwan kuma aka ce ya dakata tukuna. Ya taɓa yin 'yan watanni a Dubai yana wanke motoci, amma tun da ya dawo, in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa Larabawa tuƙi. Yanzu caja da murfin waya yake sayarwa a wata kwantena a bakin titi, ita ma ba ya yarda a ce mata shago. Kamfani yake kiranta.

Abu ɗaya ne bakin Razak ya kasa samo masa, wato Nadia, 'yar Mma Zuera mai sayar da waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake. Ba don yarinyar ba ta so ba. Nadia tana sonsa, abin da ya daɗe yana ɗaure wa unguwa kai. Uwar ce ta ƙi cewa komai, kuma tun da mahaifin Nadia ya rasu, maganar uwar ita ce magana. Mma Zuera ta daɗe tana auna shinkafa da wake da ido, haka take auna mutane ma, kuma duk sanda ta auna Razak sai ta ga cokali bai cika ba.

Ranar da za ta tafi aikin Hajji ya je sallama. Ya durƙusa ya soma zuba, ta ɗaga masa hannu.

"Razak, na ji magananka har kunnena ya gaji. Kafin in dawo ka nuna min abin da ido zai gani. In na gani, zan sa muku albarka a gaban mutane."

Kowa ya fahimci abin da take nufi. Razak yana da fili a Kasoa, can wajen gari, wanda mahaifinsa ya bar masa, ciyawa ta daɗe tana zaune a ciki ba haya. Nadia ma ta biyo shi ƙofar gida ta fassara masa, don ta san wanda take so, da Hausarsu ta zongo wadda ba ta raba mace da namiji.

"Mma yana nufin ka sa bulo a filin. Ko ɗaki ɗaya ne."

"Kasoa?" in ji Razak. "Wa zai shiga go-sulo har Kasoa don ya kalli bulo? Abin da ido zai gani Mma ya ce. Ido kuwa a Maamobi yake."

A zongo mutane sun yarda cewa mahajjaci in ya dawo, addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa kafin ya taka ƙofar gidansa. Shi ya sa ake sa fararen kaya a cika ƙofar gida, kowa na so a sa da shi, wadda aka fara yi kuwa ita ce ake tunawa. A kan wannan Razak ya ɗora shirinsa. Zai ɗauko Hajiya daga filin jirgi a motar da Maamobi ba ta taɓa gani ba, ya tsaya da ita a ƙofar gida, ita kuma don daɗi ta ɗaga hannu ta yi musu addu'ar farko shi da Nadia, jama'a su ce amin. Daga nan ba mai iya janye magana. Ya sayar da filin bai faɗa wa kowa ba, ya nufi Abossey Okai, kasuwar motoci da kayan gyara.

Imoro ne ya raka shi, direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ɗan wan Mma Zuera, wanda ya bi shi don kawai kada labarin ya wuce shi. A bayan wasu shagunan kayan gyara, a filin wani dillali mai suna Muftahu, suka same ta. Ja ce zur, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol mai naɗewa da kansa, cikinta kuma kamar zai lashi ƙasa. Ta jirgin ruwa ta zo daga Amurka, bayan wani abu ya same ta a can wanda Muftahu bai ga amfanin tonawa ba. Cikinta yana warin tabarmar da ruwa ya kwana a kai.

"Cale abokina, mu kira fita makanike ya duba shi," in ji Imoro.

"Ni ne fita. Irin wannan nawa na riƙe a Dubai?"

"Wankewa ka yi, ba buɗewa ba."

Razak bai kula shi ba. Ya zagaya motar, ya hauri taya da ƙafa, ya gyaɗa kai kamar tayar ta faɗa masa wani sirri. Ya shiga ya tayar. Ta yi wani gurnani da ya tarwatsa kajin maƙwabta, duk fitilun gaban direba suka kama a lokaci guda, ja da rawaya. Imoro ya leƙa ya tambaya ko lafiya.

"Ado ne," in ji Razak. "Motan tsere haka suke. Ba irin akwalan da kake tuƙawa ba ne."

A yi wa Muftahu adalci, bai ɓoye hanyar tsira ba. Ya ce abu biyu ne, Razak ya zaɓi ɗaya. Ko a ba shi garanti, in wani abu ya lalace a watannin farko ya dawo da ita a gyara, ko kuwa a sa masa tayoyi masu ƙyalli da babbar sifika a baya.

"Garantin nan, ana ganin shi a titi?" Razak ya tambaya.

"Ba a gani."

"Ana jin ƙaranshi?"

"Ba a ji."

"To garanti na wanda bai san mota ba ne. Sa min taya."

Muftahu bai yi gardama ba. Ya dai kira maƙwabtansa masu shago ya ce su shaida, in motar nan ta wuce ƙofar filinsa, shi bai san ta ba, ita ma ba ta san shi ba. Suka ce sun shaida, da saurin mutanen da suka saba yin wannan shaidar.

Lungun gidan su Razak ko keken kaya da ƙyar yake shiga, don haka motar a gidan sayar da mai take kwana. Kullum da safe yana can da bokiti da soso, abin da ya iya ke nan tsakani da Allah, yana wanke ta yana amsa tambayoyin da ba a yi masa ba. Ya ce in ya taka ta sosai zai kai Kumasi kafin shayi ya huce. Ba ya tuƙa ta nesa don kada ta yi ƙura, kuma ba ya barin kowa ya taɓa ƙofar fasinja, balle ya zauna. Ko Nadia da ta zo ta tsaya tana kallon motar da hannu a haɓa, cewa ya yi kujerar Hajiya ce, ba mai ɗana ta kafin ita.

"A ina ka samu kuɗin wannan?" ta tambaye shi.

"Kamfani yana tafiya," ya ce, yana goge madubi.

Saura abu ɗaya. Ana jibi Hajiya za ta sauka ya tara samarin bencin ataya, ya naɗa Kadiri shugabansu, saboda duk Maamobi ba mai murya irin tasa.

"Ku ji da kyau. Da Hajiya ya ɗaga hannu, ko me ya faɗa, ku ce amin da ƙarfi. Kar ku tsaya saurare. Ina so har mutanen unguwar Nima su ji."

"In ba mu ji abin da ya ce ba fa?" in ji Kadiri.

"Ni na san abin da zai ce. Naku amin ne kawai. Cicinga na kowa a kaina."

Da aka ambaci tsire sai tambayoyi suka ƙare.

Ranar dawowa gari ya tashi da hadari. Hajiya Zuera ta fito cikin fararen kaya, da sabon haƙorin Makka yana walƙiya, a gajiye amma cikin fara'a. Mace ce da Allah Ya yi wa jiki, waakye kuma bai yi mata rowa ba. Aka loda jakunkunanta a trotron Imoro, ban da jarkar Zamzam da ta ce ba za ta rabu da ita ba. Razak ya shiga gaba ya kai ta wurin jar mota, ya tsaya yana jiran yabo. Ta dube ta daga sama, don ba wata hanyar duban ta sai daga sama.

"Zama zan yi a ciki ko kwanciya?"

"Zama, Mma Hajiya. Kaman a jirgi."

"Daga jirgin nake. Ban ji daɗinshi ba."

Shigarta ta ɗauki lokaci. Aka fara sa ƙafa, aka fasa, aka gwada da baya, Imoro ya riƙe mata jarka yana kallon sama don kada dariya ta kufce masa. Da ta sauka kan kujerar, motar ta karkata gefe guda ta yi wani nishi. Aka ɗora mata jarkar a cinya. Razak ya ja ƙofar ya rufe da ƙarfi, sai ga mariƙin ƙofar a hannunsa. Ya zura shi a aljihu.

"Me ke nan ka cire?"

"Haka ake yi, Mma. Saboda ɓarayi."

Suka hau titi. Razak ya ga ba amfanin ɗauko Hajiya a motar nan in ba a gan ta ba, sai ya danna maɓallin buɗe rufi. Rufin ya ɗaga a hankali, cikin isa, ya kai rabin hanya, ya tsaya a miƙe kamar laimar da iska ta juya. Ya sake dannawa. Wani abu ya yi ƙara a baya ya yi shiru. Masu okada suka riƙa wuce su suna ɗaga masa babban yatsa, shi kuma yana amsawa da gaske.

A mahaɗar Kawukudi go-sulo ya tsayar da su. Ba a daɗe ba hayaƙi fari ya soma fitowa daga gaban motar. Razak ya ce numfashi take yi, motar tsere ba ta son tsayuwa. Da numfashin ya rufe gilashi ya fita ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon injin kamar yana neman inda ake sa soso. Wani direban tasi ya leƙo ya ce masa ruwa take nema. Razak ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka a kan jarkar da ke cinyar Hajiya.

"Taɓa ka gani," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba.

Sai ya tsayar da masu tallan fiyo-wata ya saye musu kaya kaf. Yana fasa leda da haƙori yana ɗura wa motar ɗaya bayan ɗaya, na bayansa suna ta hon, suna aiko masa da gaisuwa cikin yaren Twi da na Ga wadda ba ta dace da kunnen mai dawowa daga Makka ba. Imoro ya wuce su a trotro, ya sassauta ya ce, "Anti, akwai wuri a gaba fa." Hajiya ta kai hannu za ta buɗe ƙofa. Ƙofar ba ta buɗuwa ta ciki. Da ma ba ta taɓa buɗuwa ba, kawai ba wanda aka bari ya zauna ya gano.

Motar ta tashi, ruwan sama ma ya tashi tare da ita. Irin ruwan Accra ne da ba ya sallama. Rufin yana nan a miƙe yana tara ruwa yana juye musu a ka duk sanda aka taka birki. Farin mayafin Hajiya ya manne mata a fuska. Sai ta yi tambayar da ta taho da ita tun daga Madina.

"Razak, filin Kasoa. An kai ina? An ɗora linta?"

Wani mai hankali da ya ce a bari a isa gida. Razak kuwa murmushi ya yi, ya shafa sitiyari.

"Mma Hajiya, ai a cikinshi kike zaune."

Ta juyo da kanta a hankali, iyakar yadda kujerar ta bari.

"Wannan ne filin?"

"Fili ba ya tafiya, Mma. Wannan yana tafiya."

Haƙorin Makka ya ɓuya, bai sake fitowa ba a wannan tafiyar.

A bakin layin gidan Hajiya akwai wani tudun siminti da mutanen unguwa suka yi da kansu don rage gudun masu okada. Ba injiniya a cikinsu, kowa ya kawo ragowar simintinsa aka zuba, shi ya sa tudun ya fi kama da katanga. Daga nan ana hango ƙofar gidan, an kafa rumfa, jama'a cikin fararen kaya sun cika ta, mata sun fara guɗa. Razak ya ga lokacinsa ya yi. Ya kunna sifika, ya taka mai. Gaban motar ya hau tudun, aka ji wata ƙara mai ratsa haƙori, sai ta zauna daram a kan cikinta. Tayoyin baya masu ƙyalli suka yi ta juyawa a iska, kuma gaskiya sun yi kyau.

Da jama'a suka ga Hajiya ba ta ƙaraso ba, sai suka zo wurinta. Suka kewaye motar cikin ruwan, tsofaffi da laima, 'yan mata da faranti a ka. Kowa ya kai hannu ƙofa sai ya ji wayam.

"Ina hannun ƙofan?" wata tsohuwa ta tambaya.

"Yana aljihun direba," in ji Hajiya. "Saboda ɓarayi."

"Wa zai sace ki, Hajiya? Sai da kuren mai ɗaga kaya."

Wani ya ce a tura, aka tura, motar ta yi lilo ta koma mazauninta. Wani ya ce a ɗaga, aka duba wadda ke ciki aka fasa. Razak yana zagayawa yana ba da umarni, yana cewa ƙaramin abu ne, a Dubai kullum ana haka. Nadia ta kutso ta riƙe wa uwarta laima. Hajiya ta jawo ta kusa ta faɗa mata wata 'yar gajeriyar magana a kunne. Nadia ta ɗago ta dubi Razak, ta dubi motar tun daga gaba har baya, kamar mai neman inda za a sa gado da murhu.

Sai Hajiya Zuera ta ajiye jarka tsakanin ƙafafunta ta ɗaga hannu biyu sama.

Wuri ya yi tsit, ban da ruwa da sifikar da ta ƙi kashewa. Zuciyar Razak ta yi fari. Duk da abin da ya faru, ga shi an zo wurin. Ya durƙusa a cikin taɓo kusa da taya, ya ɗaga nasa hannun, ya ƙifta wa Kadiri ido. Samarin suna can baya, ba abin da suke ji, amma sun riƙe alkawari.

"Ya Allah, Ka kai ni ɗakinKa Ka dawo da ni lafiya, na gode maKa."

"Amin," in ji jama'a, samarin suka ɗaga ta har kan rufin kwano.

"Ya Allah, Ka fitar da ni daga wannan akwati da raina."

"Amin."

"Ka raba ni da wannan mota, kar in sake ganin shi ko a mafarki."

"Amin."

"Ka raba ɗiyata da mai shi, rabuwa na har abada."

Manyan da ke kusa suka ɗan yi jim. Amma Kadiri ya ga Hajiya ta ɗaga hannu fiye da da, ya tabbata wannan ce babbar, ya cika ƙirji ya saki wata amin da ta tayar da tantabarun masallaci. Samari suka bi shi, sauran jama'a suka bi samari. Razak kansa bakinsa ya riga ya saba da zagayen, kuma bakin nan bai taɓa jiran kansa ba. Sai da kalmar ta fita sannan ya ji abin da ya amsa.

Ya ɗago da sauri yana neman Nadia, don ita kaɗai ta rage masa. Ta riga ta ba wata mata laimar. Hannayenta biyu suna sama, ya kuma ga sanda ta shafa su a fuska.

Kayayei ne suka fitar da Hajiya a ƙarshe, matan nan masu dakon kaya a kasuwar Nima, suka ciro ta ta saman motar cikin ladabi, aka tafi da ita gida da guɗa. Layin ya watse ya bar Razak da motarsa. Ya ciro waya ya kira Muftahu, ya ce Razak ne, mai jar mota.

"Wane Razak?" in ji Muftahu. "Wane mota?"

Bai gama sa wayar a aljihu ba ya ji an dafa kafaɗarsa. Kadiri ne, murya ta dishe, yana tambaya ko aikin ya yi, da kuma inda za a karɓi cicinga.

Motar ta daɗe a kan tudun nan. Masu okada suka koyi zagaye ta, matan layi suka gano rufin da ya tsaya a miƙe yana da kyau wurin shanya. Nadia ba ta sake bi ta gaban kwantena ba, kuma Razak ya ji zafin wannan fiye da yadda zai taɓa yarda. Amma bencin ataya bai rasa shi ba. In baƙo ya zauna, ba a jimawa zai gyara zama ya ce masa, ranar da Hajiya Zuera ta dawo daga Makka mutane sun cika layi maƙil, da malamai da masu kuɗi, amma duk cikinsu ba wanda ta sa a addu'arta sai shi.